Katin Tunau Mai Sa Barci

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya halicci masu hankali, ya kuma halicci irina don masu hankali su sami abin dariya. Ku matso, ku gyara zama, ku ji abin da ya same ni a ƙasar da ke hayin Kogin Juyi.

Sunana Tunau, mutumin Birnin Rimaye, can inda hanyar fatake take ƙarewa ta juya. A birninmu akwai wani sha'ani da bai taɓa ciyar da kowa ba amma ya cinye mutane da yawa, shi ne tara kati. Katin nan jemammiyar fata ce, faɗinta bai wuce tafin hannu ba. A fuskarta an zana wata halitta, a ƙarƙashin zanen an rubuta sunanta da baiwarta. Akwai Kunkurun Gajimare, wanda inuwarsa take rufe gari. Akwai Hankakan Gishiri, wanda duk abin da ya caka da baki sai ya zama gishiri. Fatake ne suke kawo katunan daga hayin kogi, mu kuma mu zauna a gindin rimi muna musaya, muna karawa, wannan ya ajiye nasa, wancan ya ajiye nasa, a duba baiwar wa ta rinjayi ta wa.

Ni ne gwanin birnin. Haka nake faɗa, kuma ba wanda ya taɓa jure zama har in gama bayani balle ya musa. Jakata cike take, kati ɗaya ne kawai babu a ciki: Barewar Wata. Fatake sun ce mai zanen ba ya ba su ita, sai dai mutum ya je da ƙafarsa.

Matata Gwamma, wadda man gyaɗarta ne yake riƙe da gidanmu, tana matsar tunkuza na gaya mata zan tafi.

Ta ce, "Maigida, barewar nan in ka samo ta, ana yanka ta?"

Na ce, "Zane ne, Gwamma."

Ta ƙulle min ƙuli-ƙuli a ƙyalle, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Na yi tafiya har takalmina ya gaji da ni. Na ratsa dajin da itatuwansa suke juya wa baƙo baya, na wuce garin da ake yi wa rijiya sallama kafin a ja ruwa, na iso bakin Kogin Juyi. Mai fito ya ɗauke ni. Tun da muka bar gaɓa yake ƙoƙarin gaya min wani abu, ya buɗe baki ya rufe, ya buɗe ya rufe, ni kuwa ina tsakiyar koya masa bambancin Kunkurun Gajimare na tsohon zane da na sabon zane. Da muka isa ya sauke ni, ya dube ni da tausayi, ya juya jirginsa.

Na sami inuwa na zauna, na fito da katunana don in gaisa da su. Ɗaya ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Katin Kurar Hayaƙi ne, wadda aka rubuta tana shiga ko ta kafar allura. Yana taɓa ƙasa wani baƙin hayaƙi ya tashi, ya dunƙule, ya yi ƙafafu, ya yi kunnuwa, ya yi haƙora. Abin da mai fito yake son gaya min ke nan: a wannan hayin, duk katin da ya taɓa ƙasa, halittar cikinsa sai ta zo.

Shekaru na yi ina yi wa mutane bayanin Kurar Hayaƙi, ban taɓa gaya musu tana wari ba. Ta shaƙi ƙullin ƙuli-ƙulina ta zuƙe shi, sannan ta fara shaƙar gwiwata. Na ce a raina, abin da ajiye kati ya kawo, ɗaga kati zai mayar. Na miƙa hannu, ashe ta take katin da ƙafarta ta gaba. Na ja da baya ina laluben jaka, hannuna ya faɗa kan Gaurakan Guguwa, na maka shi da ƙasa. Wani tsuntsu ya bayyana, tsayinsa ya kai rumbu, ya kaɗa fukafukansa. Kura ta watse kamar hayaƙin murhu, na yi tsalle na ɗauke katinta, na ɗauke nasa. Dabara ce mai kyau, kuma da ni kaɗai zan ba da labarin da a nan zan tsaya. Amma iskar ta tafi da hulata, da rigata ta sama, da rabin katunan da na yi rayuwata ina tarawa. Suna sauka can nesa a cikin daji ɗaya bayan ɗaya, ina jin gurnani da kuka da haniniya suna tashi. Ban tsaya tsinta ba. Gudun da na yi ranar, da Ganau mai zane ya gani, da wata baiwar ya rubuta min.

Ganau shi ne tsohon da yake zana katunan duka. Birninsa a kan duwatsu yake, tituna shimfiɗe da tabarmi don kada kati ya faɗi ya taɓa ƙasa. Ban da cikin gidaje, wuri ɗaya ne aka bari da ƙasa tsirara, babban fagen tsakiyar gari, inda ake karawa da halittu na gaske. Na sami tsohon a zaurensa yana dama tawada. Na gaishe shi, na faɗi sunana, na faɗi garinmu, na faɗi abin da ya kawo ni, na ƙara da abubuwa da yawa da bai tambaya ba.

Ya ce, "Barewar Wata tana nan. Ba na sayar da ita. Amma na gaji da zanen ƙaho da fiffike, fuskar mutum nake so. Ka zauna in zana ka, in ba ka ita."

Na ce, "Baba, ai wannan karramawa ce."

Ya ce, "Saurara, ɗana. Wanda na zana ya zama kati. Duk wanda ya riƙe katin, in ya ajiye shi ƙasa, sai ka zo."

Na ji shi sarai. Amma abin da na hango shi ne mutanen gindin rimi suna rige-rigen musayar katina, ana cewa Tunau Masanin Halittu ba ya samuwa. Na ce ya zana ni ta ɓangaren hagu, don nan ne fuskata ta fi kwarjini.

Ya zana, ni kuma na ɗebe masa kewa da hira. Da ya gama ya miƙo min na duba. Hancin nawa ne, kunnuwan ma nawa ne, ko da yake bai rage musu komai ba. A ƙasa an rubuta: Tunau. Baiwarsa: yana magana har abokin karawa ya yi barci.

Na ce, "Baba, akwai kuskure a nan."

Ya ce, "Abin da na gani nake zanawa. Ni kaina sai da na yi gyangyaɗi ina kan zanen hancinka."

Ya cika alkawari, ya ba ni Barewar Wata. Fara ce, siririya, ƙahonta kamar jinjirin wata, idonta kamar za ta ƙifta. Na riƙe ta da hannu biyu. Ban gama kallonta ba dogarin fage ya shigo karɓar sababbin katuna, ya karɓi nawa, ya karɓi Barewar, ya karɓi jakata.

Ya ce, "Ka yi haƙuri, baƙo. A nan kati ba ya mallakar kati."

Daga ranar na shiga hannun mutane. Da farko ba mai so na. In an yi musayar Hankakan Gishiri da wani abu, ciniki ya ƙi faɗawa, sai a ce, "To, ga Tunau gyara." Wani ya mayar da ni, ya ce gara a ba shi goro. Wata mata ta yar da katina bisa kuskure ina tsakiyar wanka, na bayyana a gaban surukanta da kumfar sabulu. Dabba in an ɗaga katinta sai ta koma dajinta, ni kuwa sai in tsaya inda nake, don ba ni da daji. Na sha gwada guduwa. Kogi yana da nisa, kuma kafin in hango ruwansa wani ya ajiye kati, in ga kaina a tsakiyar gari da sandar tafiya a hannu.

Haka na gangara har cikin jakar Barmo, Sarkin Fage, ƙaton mutum mai zobba a yatsu da murya mai sanyi. Shi ma gyara aka ba shi ni. Wata rana ana karawa, abokin wasansa ya ajiye Ɓaunar Tsawa, wadda in ta yi atishawa katanga take faɗuwa. Ta cinye wa Barmo katunansa masu ƙarfi duka, ya laluba jaka bai sami kowa ba sai ni. Ya jefa ni ƙasa yana kawar da kai.

Na bayyana da lomar tuwo a hannu, hancin Ɓauna yana hura min zafi a fuska. Tsoro ya kwance min harshe. Na fara da ba ta haƙuri. Daga nan na gaya mata na san ta tun tana tsohon zane, lokacin da ake yi mata ƙaho gajere. Na shiga tarihin wanda ya fara kawo katinta Rimaye, da wanda ya musanya masa, da rigimar da aka yi a kan musayar, da ra'ayina game da rigimar. Ina cikin gabatarwa ta durƙusa. Kafin in shiga ainihin zancen tana minshari, alƙalin fage ma sai da aka yayyafa masa ruwa kafin ya ce Barmo ya ci.

Daga nan darajata ta hau. Barmo ya ɗinka wa katina kube, ya ba ni ɗaki da riguna, yana ajiye katin safe da yamma don ya tabbata ban yi nisa ba. 'Yan kallo suka koyi zuwa da auduga a kunne. Na kwantar da zakuna masu fiffike, na kwantar da macizai masu gemu. Kuma gaskiya na ji daɗi. A karo na farko a rayuwata ana kirana don in yi magana. Gida yana faɗo min a rai, sai in ce bari a gama karawar gobe.

Wata rana da hantsi Barmo ya ajiye katina a zaurensa. Na bayyana ina gyara wuyan riga, sai na ga wata mata zaune a gefen tabarma, ta rame, mayafinta ya koɗe. Sai da ta ɗago na gane Gwamma ce. Fatake ne suka kai mata labarin sun ga fuskar mijinta a kati, ta bar 'yarmu Yalwa wurin kakarta, ta biyo ayari.

Ba ta ko dube ni ba. Ta ce wa Barmo, "Ranka ya daɗe, na zo ne in rage maka nauyi. Mutumin nan ba ya noma, ba ya kiwo. Ci gare shi. In ka aike shi kasuwa da safe, sai ka aika a nemo shi da yamma. Ga shi ya fara tsufa, muryar ma ba za ta daɗe ba."

Na ce, "Wace muryar? Ni da na kwantar da Ɓaunar Tsawa? Ranka ya daɗe, gaya mata ko akwai katin da ya kai ni a birnin nan."

Ta ce a hankali, ba ta buɗe haƙora ba, "Maigida, ciniki nake yi."

Barmo ya yi dariya har zobbansa suna ƙara. Ya ce, "Baiwar Allah, kin iya ciniki, kayan ne ba su iya ba. Kuma abin da ya taso ki tun daga Rimaye, ba zan yarda ba shi da daraja ba. Ba na musayarsa."

Ta yi godiya ta fita. Wurin Ganau ta nufa, ta kai masa goran man gyaɗa don dama tawada, ta tambaye shi yadda kati yake mutuwa. Ita ta saurare shi har ƙarshe. Ya ce in baiwar kati ta ƙi aiki a fage, a gaban shaidu, har inuwar sandar alƙali ta kai layi, tawadar takan goge, mai katin ya kuɓuta. Amma ba a shiga fage sai da katin da za a sa a gaba, ita kuwa ba ta da ko ɗaya. Sai ta zauna ya zana ta, bisa sharaɗin shi zai ajiye katin da hannunsa. In ta ci ya wanke shi. In an cinye ta, ta shiga jakar Barmo.

Barmo ya karɓi karawar da murna. Fage ya cika. Ganau ya ajiye katinsa, mai shela ya karanta: Gwamma, baiwarta kallo. Jama'a suka yi dariya. Ni ban yi ba, na san kallon. Barmo ya ajiye nawa, na tsaya a gabanta, alƙali ya kafa sandarsa ya ja layi a ƙasa.

Ta ce, yadda ni kaɗai zan ji, "Maigida, a gida ina iya jinka har ka gama. Yau ba zan iya ba, a tsaye ma barci nake ji. In ka yi magana zan faɗi, mu zama mu biyu a jakar mutumin nan, Yalwa kuma tana can. Ka yi shiru har inuwa ta kai layi. Abin da na zo roƙo ke nan."

Na gyaɗa kai. Na ɗauka abu ne mai sauƙi.

Barmo ya ce, "Tunau, fara."

Na yi shiru.

Ya ce, "Jama'a sun zo jin yadda ka kori Kurar Hayaƙi. An ce ba a taɓa dabara irin wannan ba."

Harshena ya motsa, na danne shi. Ya yi min alkawarin doki. Ya ce zai ba ni Barewar Wata in riƙa kallo duk safiya. Duk da haka na daure. Inuwa ta yi rabin hanya.

Sai Barmo ya daina kallona. Ya juya wurin 'yan kallo kamar mai hira, ya ce, "Ni kuwa jiya nake duba katin Damon Tagulla. Halitta mai kyau. Jela ɗaya gare shi, doguwa."

Jela biyu gare shi. Duk wanda ya taɓa riƙe kati ya san Damon Tagulla jela biyu gare shi, da ɗaya yake duka, da ɗaya yake kare kansa, baiwar tasa ke nan gaba ɗaya.

Wani daga cikin mutanen Barmo ya ce, "Ɗaya ce, ranka ya daɗe."

Wani ya ce, "Ai ko a Rimaye haka masana suke faɗa. An ce wani Tunau ne ya koya musu."

An zage ni a duniya, an ba da ni gyara, an kira ni da kumfa a jiki, ban taɓa jin azaba irin ta wannan lokacin ba. Maganar ta taso tun daga cikina, ta cika min ƙirji, ta zo maƙogwaro. Na cusa wuyan rigata a baki na ciza. Na ɗaga ido wurin Gwamma ina neman harara, don harararta ta sha rufe min baki a gaban baƙi. Ba ta harare ni ba. Ba ta da ƙarfin yi. Idanunta sun yi ja, tana layi kaɗan kaɗan, tana kallona kawai. Na kasa jure kallon, na sunkuyar da kai.

Sai na ga ƙafafunta. Ba takalmi. Ta yayyage gefen zaninta ta naɗe su, tsumman ya manne da busasshen jini, diddigenta ya tsattsage, farcen babban yatsa ɗaya babu. Hanyar da na bi da takalmi ina waƙa, ita haka ta biyo ta.

Barmo yana ta magana, jama'a suna amsa masa, na ji kamar daga wani gari ake yi. Na saki rigar daga bakina. Ba na buƙatarta. Na nemi maganar da ta cika min ƙirji na rasa inda ta shiga. Ina nan tsaye ina kallon ƙafafun nan har alƙali ya buga sandarsa.

Barmo ya ɗauki katina. Hancin ya tafi, kunnuwan sun tafi, rubutun ya bi su, sai farar fata. Ya jujjuya ta, ya jefar, ya ce, "An yi asarar kati mai kyau." Ganau ya tsoma na Gwamma a ƙwaryar ruwa ya wanke a gaban kowa, yana cewa bai taɓa wanke zanen da ya fi wannan kyau ba.

Na cire takalmina na ba ta. Ya yi mata yawa, ta cusa tsumma. Muka kama hanya, ita a gaba, ni a baya da ƙunshin kayanta, ƙaya tana koya min abin da ban sani ba. Ban ce komai ba a hanya. Ta riƙa waiwayowa tana duba ko lafiya.

Muka shiga jirgin fito. Mai fito ya gane ni, ya ciro auduga ya toshe kunnuwansa tun kafin in zauna. Sai da muka kai tsakiyar ruwa, hayin can ya fara dusashewa, na ce, "Gwamma."

Ta ce, "Na'am, maigida."

Na ce, "Jela biyu gare shi."

Ta ce, "Na sani. Ci gaba, yanzu ba komai."

Ta jingina da bayana. Na fara yi mata bayanin jelar dama, ina sassauta murya, ban kai ga ta hagu ba na ji numfashinta ya canza. Na ci gaba a hankali, ban motsa ba, har jirgi ya taɓa gaɓarmu.

Iyakar abin da ya same ni ke nan a hayin Kogin Juyi, ban ƙara ba, ban kuma rage ba sai abin da Gwamma ta ce in rage. Wanda yake farke a cikinku ya taɓa na kusa da shi, ya gaya masa an gama.